Ranar da Na Goya Surukata Muka Tafi Neman Sabara

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har wani lokaci jikokina kan yi mini dariya in na kira wannan da sunan wancan. Amma akwai wata rana a cikin bazara da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da na goya uwar mijina a bayana, na ɗaure ta da zani kamar jaririya, muka ratsa gonaki muna neman ganye.

A shekarun nan ne na fari, lokacin da damina ta yi ta yi mana rowa. Ƙauyenmu yana arewa da Kano, irin wurin nan da gona ke manne da gona, duk inda ka taka da mai shi. A da in kaka ta yi har rasa inda za a sa dami ake yi. To a wannan lokacin gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Aka koma cin tafasa da zogale, ana gauraya dusa a cikin tuwo, masu awaki suna hawa gawo suna sassabo musu ganye. Duk namijin da ke da sauran ƙarfi ya kama hanya. Maigidana ma ya bi 'yan uwansa zuwa kudu cin rani, ya bar mu mu uku a gida: ni, da Inna mahaifiyarsa, da ɗana na fari wanda lokacin ya fara rarrafe.

Inna 'yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Duk unguwarmu, kai har ƙauyukan da ke kewaye, in yaro ya tashi da zafin jiki ko mai jego ta rasa ruwan nono, wurinta ake zuwa. In ka shiga ɗakinta ƙamshin busasshen ice ne zai fara tarbarka. Ga ƙulle-ƙulle a tsumma an saƙale su a rufin ɗaki, ga 'yan tukwane a jere a bayan ƙofa. Ni kuwa a Dawakin Tofa na tashi, a hannun ƙanwar mahaifina mai sayar da abinci a bakin kasuwa, don uwata ta rasu tun ban yi wayo ba. Ganyen da na sani shi ne wanda ke shiga miya. Da aka kawo ni gidan kuma ba na fita sai da dalili, Inna ce ke shiga gonaki da ɗan gizagonta a kafaɗa, ta dawo da ƙunshi a ka.

Kalmomin dai ina jin su daga bakin murhu. Sai in ji tana ce wa mata, "Wannan sassaƙe ne, ɓawon ice ke nan, sai ya tafasa sosai. Wannan saiwa ce, daka za ki yi. Wannan kuwa jiƙo za ki yi masa, ki zuba ruwa ki bar shi, kada ya ga wuta." Na san tsimi shi ne wanda ake bari ya daɗe a tukunya har ya yi ƙarfi, na manya ne. Na san sirace, inda mutum zai lulluɓa da zani a kan tukunya mai tururi har gumi ya keto masa. Na san dauri, wanda ake ba jarirai, tunda kullum da safe sai ta ɗura wa yarona tana yi masa wasa, "Sha mana maigidan, namiji ba ya tsoron ɗaci." Na san sunan aikin, amma icen da ake yin aikin da shi ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba.

Ta taɓa gwada koya mini. Ta ɗago wani reshe ta ce, "Zo nan 'yar nan, mene ne wannan?"

Na sunkuyar da kai don kunyar suruka, na ce, "Ganye ne, Inna."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ganye ne mana, da nama na ce miki? Allah ya kyauta, an kawo mana 'yar kasuwa, daga kuka sai kuɓewa." Ta yi dariya, ni ma na yi, na koma kan girkina. Ita tana ganin akwai lokaci, ni ma haka nake gani. Ashe babu.

Wata safiya tana tsakar gida tana daka saiwa, sai na ji taɓarya ta faɗi ƙasa. Na leƙo, na ga Inna a kwance a gefen turmi, bakinta ya karkace, idonta a buɗe tana kallona. Na yi ihu, maƙwabta suka shigo, aka kinkime ta zuwa ɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Matar da in ta fara zance sai an ce mata ta sha ruwa, ta koma ba abin da ke fita daga bakinta sai "to, to, to". In tana jin ƙishirwa "to", in tana jin ciwo "to".

An yi rubutu, an yi tofi, an kirawo wani mai magani daga ƙauyen gaba ya yi nasa. Da farko ɗakin ba ya rabuwa da masu dubiya, daga baya ƙafa ta fara ɗaukewa. Ban ga laifin kowa ba, kowa da yunwar gidansa yake fama. Ni na koma mai yi mata komai. Ranar da na fara yi mata wanka ta kawar da kai gefe, hawaye na bin kumatunta. Na ce, "Inna, ni ba ni da uwa, ke kuma ba ki haifi mace ba. Ki bar ni in yi." Tun daga ranar kunyar da ke tsakaninmu ta fara raguwa.

Mutane da yawa sun ɗauka hankalinta ya tafi tare da maganar. Sai su zauna a gabanta suna zancenta kamar ba ta wurin. Ni da nake kwana da ita nake tashi da ita na san idon nan nata ba na marar hankali ba ne. Komai tana ji, komai tana ganewa, hanyar fitar da shi ce ta toshe.

Ana cikin haka, bazara ta yi tsanani, sai yaron ya fara haƙori, zawo ya kama shi. Na ɗauka na kwana ɗaya ne, sai abu ya ƙi tsayawa. Ya daina rarrafe, ya daina dariya, in na ba shi nono ya kama kaɗan ya saki. Ku da kuka san al'adarmu kun san ɗan fari ba a nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko sunansa ba na faɗa. Kakarsa ce ya kamata ta yi ta kai-kawo a kansa, ni in yi kamar ban gani ba. To ga kakar a kwance. Sai in shiga bayan ɗaki in yi kukana, in wanke fuska in fito.

Na shiga ɗakin Inna na sauko da ƙulle-ƙullen nan duka na baje a gabanta. Wallahi duk iri ɗaya nake ganin su, ɓawo ja-ja, ɓawo baƙi-baƙi, gari, saiwoyi. Na riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Wannan ne, Inna?" Tana girgiza kai. Da muka zo kan wani tsumma da babu komai a ciki sai ɗan burbushi, sai ta dafa shi da hannun hagu ta ce, "To, to!" Na gane abin da ake nema shi ne ya ƙare.

Akwai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, mai kirki ce amma ba ta da haƙurin jira. Ta shigo da wata kwalba da ta karɓo wurin wani mai talla a kasuwa, ruwa ne baƙi wuluk a ciki. Ta ce, "Ga shi, an ce ba cutar da ba ya kashewa. Kawo yaron." Ta tsiyaya a ƙoƙo. Inna ta miƙa hannu kamar tana so ta gani, Gwaggo ta matsar mata. Inna ta shinshina sau ɗaya, sai kawai ta kai wa ƙoƙon duka, ya kife a ƙasa. Ba ta tsaya nan ba, ta jawo kwalbar ta tuntsurar da ita, ruwan ya bi daɓe.

Gwaggo ta miƙe tana karkaɗe zani. "Ikon Allah! Daga taimako? Ai na faɗa, ciwon nan ya taɓa mata kai." Ta fita ranta a ɓace. Daga baya ne da na san abin na gane tsimi ne mai ƙarfi, irin wanda ko babba ya sha sai cikinsa ya murɗa, balle jaririn da zawo ya riga ya tsotse.

Na yafa mayafi na fita bayan gida, duk wani kore da idona ya gani na tsinko. Na cika haɓar zani na zo na zube mata. Ta riƙa ɗauka tana jefarwa. Darbejiya, ta jefar. Ganyen tsamiya, ta jefar. Da ta ga wani mai faɗi mai farin ruwa kamar nono, sai ta buge mini hannu, ta nuna idona, ta nuna tulu, wato in je in wanke hannu maza kada in taɓa ido. Tumfafiya ce na kwaso ban sani ba. Da ganyen ya ƙare ba wanda take so, ta buɗe baki tana ta ƙoƙari, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, ba abin da ya fito sai "to". Ta dunƙule hannu ta bugi ƙirjinta, ta fashe da kuka. Ni ma na zauna na taya ta. Ga magani a cikin kanta, ga jikanta a kwance a gabanta, tsakaninsu kalma ɗaya ce ta gagara.

Can sai na ji ta kama gefen zanina tana ja. Ta nuna kanta, ta nuna bayana, ta nuna ƙofa. Na ce, "Inna, fita za mu yi?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "In goya ki?" Ta gyaɗa kai da ƙarfi.

Na ɗauki yaron na kai wa Gwaggo. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri da abin da ya faru. Ki riƙe mini shi, don Allah kada a ba shi komai sai ruwa." Ta harare ni, amma ta miƙo hannu ta karɓe shi, ta ce, "Je ki. Yaro ai ba shi ya yi mini ba."

Na dawo na durƙusa a gaban gadon Inna, na jawo ta bayana, na ɗaure da zani, na ƙara da majanyin yaron. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne rashin nauyinta. Yunwa da ciwo sun cinye ta, sai ka ce damin kara na ɗauka. Na saƙala gizagonta a ƙugu muka fita, rana ta ɗan karkata amma ƙasa har lokacin tana ƙuna.

Dole mu bi ta gaban masallaci, inda dattawa ke zama a gindin ceɗiya. Ina jin hirarsu ta tsaya cak. Kunya ta kama ni kamar in nutse, matar ɗa da uwar miji a baya, abin da ba a taɓa gani ba a garin. Sai wani tsoho daga cikinsu, abokin marigayi mijin Inna, ya ɗaga murya ya ce, "Yarinya, ina za ki kai ta a wannan rana?"

Na ce, "Baba, magani za ta nuna mini."

Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa a dace." Sauran suka amsa da amin. Na ji Inna ta kwantar da kanta a wuyana.

Da hannun hagu take tuƙa ni. In tana so in yi dama ta ja kafaɗata ta dama, in hagu ta ja ta hagu, in tana so in tsaya ta dafa kaina. Muka je wuri na farko, bakin wata gona, ta dafa kaina. Ba komai a wurin sai kututture, an sare an kai wa awaki, an haƙe har saiwar an yi makamashi. Na ji ta yi ajiyar zuciya a bayana. Muka bi burtali, hanyar shanu, muka je wuri na biyu, shi ma haka. Fari bai bar mutane ba, mutane kuma ba su bar ice ba. Gumi ya jiƙa mu ni da ita, ga gajiya ga ƙishirwa. Na ce, "Inna, mu koma?" Ta ja kafaɗata gaba, kamar mai cewa ke dai tafi.

Muka wuce gonakin garinmu har muka kai wata saura, tsohuwar gonar da aka daɗe ba a noma ba, a bayan wani busasshen kududdufi. A nan, a gefen wani suri, ga wasu 'yan gajerun itatuwa masu ƙananan ganye, launinsu toka-toka kamar an barbaɗa musu gari. Sau nawa na ga irinsu a hanya ban ko kalle su ba. Inna ta riƙa dukan kafaɗata da sauri. Na kwance ta na zaunar da ita a jikin surin.

Ta miƙa hannu ta tsinki ganye, ta murza a tafinta, ta kai hanci. Ta rufe ido. Ina tsaye ina haki, sai na ga leɓenta na motsi. Wata murya ta fito, a shaƙe, a karkace, kamar ta wanda ya daɗe a rijiya.

"Sa... ba... ra."

Na ɗauka kunnena ne. Na durƙusa na ce, "Inna, me kika ce?"

Ta buɗe ido, ita kanta a tsorace take. Ta sake cewa, "Sabara." Sai ta kama dariya, bakin nan a karkace, hawaye na zuba, tana ta maimaitawa, "Sabara, sabara." Na rungume ta a tsakiyar saurar nan muna kuka muna dariya kamar mahaukata. Tun ranar da ta faɗi, ban da "to", wannan ce kalma ta farko da ta fito daga bakinta.

Na fara tsinka da garaje, ina neman karya reshe gaba ɗaya, sai ta riƙe hannuna. Ta nuna mini in ɗebi kaɗan a nan, kaɗan a can, in bar sauran. A hanyar dawowa ta tsayar da ni a gaban wani ice mai ganye a rabe biyu kamar kofaton raƙumi, ta murza ta shinshina, ta ce, "Kalgo." Ta sa na ɗan sassaƙi ɓawon da gizago ta gefe ɗaya kawai, da na nemi zagayawa ta girgiza kai, ta ɗebi ƙasa ta nuna in shafe wurin. Ko a wannan hali, jikanta na kwance, ba ta yarda a kashe ice don a ceci mutum ba in akwai hanyar da duka biyun za su rayu.

Muka iso gida kafin magariba. Ta zauna a bakin murhu tana kallona, na wanke ganyen, na dafa, na tace da tsumma mai tsabta, na bar shi ya huce. Ta nuna mini iya abin da zan ba shi da ɗan yatsa a jikin ludayi, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Yaron ya sha, ya kama nono, ya yi barci. Zawon ya ɗan lafa. Na ce a raina shi ke nan, wahala ta biya.

Da gari ya waye sai na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Amai ya shigo, duk abin da ya sha sai ya dawo. Idanunsa sun zurma, yana kuka ba hawaye. Na kai shi gaban Inna. Ta shafa tsakiyar kansa, maɗigarsa ta faɗa kamar an danna da yatsa. Ta ɗan ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Na ga fuskarta ta sauya.

Na miƙe da sauri zan ɗora wata tukunyar sabara, sai ta cafke wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Ta girgiza kai. Na ce, "Inna, ba shi ba? Wani za mu nemo? In goya ki?" Ta sake girgiza kai. Ta dudduba ƙasa, ta tsinci wata ƙaya da ta maƙale a ganyen da muka kawo, ta ɗora tsininta a hankali a kan hannun yaron, ta dube ni. Sannan ta nuna gabas, wajen babban titi.

Gwaggo da ta shigo duba yaron ita ta fara ganewa. Ta ce, "Allura take nufi. Asibiti take cewa a kai shi." Ta juya wurin Inna ta ce, "Haba Yaya, ke da kanki? Ke da duk garin nan ke zuwa wurinki? Yaron da maɗiga ta faɗa ai maganinsa na gida ne, a shafa masa magani a ka."

Inna ta bugi ƙasa da tafin hannu har ƙura ta tashi. Ta nuna tukunyar maganin, ta kife hannunta alamar aikinsa ya ƙare. Ta nuna yaron, ta sake nuna titi. Ta tura ni da hannu.

Na ce, "To ke fa, Inna? Wa zai kula da ke?"

Gwaggo ta yi tsaki ta ce, "Ni mutuwa na yi? Ɗauki yaronki ki tafi. Ta zubar mini da kwalba, ni kuma zan dama mata kunu, Allah ya bi mu da lada."

Na goya shi na fita da gudu-gudu. Tsohon nan na gindin ceɗiya ya hango ni, ya sa aka ɗora ni a jakinsa, shi da kansa ya kora har bakin titi, ya tsaya sai da ya tare mini wata motar hatsi. A asibiti wata ma'aikaciya ta karɓe shi, ta duba idonsa da kansa, ba ta tsaya dogon zance ba aka sa masa ƙarin ruwa. Ta ce da ni, "Ruwan jikinsa ne ya ƙare. Wa ya ce ki kawo shi?" Na ce kakarsa. Ta ce, "Ki gode mata. Da kin ƙara jinkiri da labari ya sha bamban." Na zauna ina kallon ruwan nan yana ɗiga, har zuwa la'asar ya buɗe ido ya nemi nono.

Bayan 'yan kwanaki muka dawo. Na tarar Gwaggo ta yi wa Inna wanka, ta yi mata kitso, suna zaune a inuwa, ɗaya na zuba surutu ɗaya na cewa "to". Na sauke yaron a cinyarta. Ta shafa kansa, ta ji maɗiga ta ciko, ta sa fuskarta a cikin wuyansa ta daɗe ba ta ɗago ba.

Daga nan fita ta zame mana al'ada. In rana ta yi sanyi sai in bar yaron wurin Gwaggo in goya Inna mu shiga gonaki, mutane har suka saba, ba mai juyowa. Sunayen suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, amma sai ta murza ta shinshina tukuna. Marke, ta yi tari ta nuna ƙirji. Maɗaci, ta yamutsa fuska ta dafa ciki. Bagaruwa, ta nuna dasashi. Rai-ɗore, ta yi alamar wanka da rawar sanyi. Kirya, aduwa, magarya, gwandar daji. Ta nuna mini wanda ake jiƙawa da wanda ake dafawa, wanda ake sha da wanda shafawa kawai ake yi, da wanda mai ciki ba ta ko kusantarsa. Sauran magana ba ta taɓa dawowa ba. Da maigidana ya dawo farkon damina, ya durƙusa a gabanta yana kuka, ta shafa kansa ta yi ta ƙoƙarin kiran sunansa, bai fito ba. Ni kuwa in tana nemana daga ɗaki, sai in ji ta ɗaga murya ta ce, "Sabara!" In amsa, "Na'am, Inna." Har ta bar duniya haka take kirana.

Ta ga ruwa ya dawo, ta ga an kai dami gida, ta ci tuwon sabon gero. Bayan kaka da kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Yaron nan yau shi ma yana da furfura. Mata kuwa har gobe suna shigowa wurina da 'ya'yansu, in ba su abin da na sani, in kuma na ga abin ya fi ƙarfin tukunyata ba na ɓata musu lokaci, titi nake nuna musu.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, mutum ba ya ƙarewa don bakinsa ya mutu ko ƙafarsa ta gaza. Tsofaffinmu da marasa lafiyarmu da muke ajiyewa a ƙuryar ɗaki muna zancensu kamar ba sa ji, da yawansu cike suke da abin da muke nema ruwa a jallo, wanda zai ɗauke su ya saurare su kawai suka rasa. Sannan na koyi cewa cikar mai magani ba yawan sanin ganye ba ne. Inna ta sha rana a bayana don ta samo sabara, amma da ta ga ran jikanta ya wuce inda sabara ke kaiwa, ita ce ta fara kife tukunyar. Wanda ya san iyakar saninsa, shi ake ba amanar rai.